A Mayar wa Yaranmu Dandalin Wasa da Sa'ar Karatu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in bayyana wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wanda kuma ya sake taso mini a ƙarshen zangon karatun da ya wuce, lokacin da na halarci bikin raba kyaututtuka a makarantar da jikata take karatu. Ni tsohon malamin firamare ne. Na kama aiki a 1977, shekara guda bayan an ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, na kuma ajiye alli a 2012 bayan na cika shekara 35 ina koyarwa. A bikin nan an yi jawabai, an kira sunayen waɗanda suka zo na ɗaya da na biyu, an raba musu littattafan rubutu da fensira, sannan aka yi addu'a aka watse. Babu yaron da ya hau dandali ya yi wasan kwaikwayo, babu wanda ya rera waƙar da shi ko malaminsa ya tsara, bangon ajujuwa kuma ba ya ɗauke da zanen hannun yaro ko guda. Da na tambayi ɗaya daga cikin malamai dalili, sai ta amsa mini cikin ladabi da cewa, "Baba, ai yanzu babu lokaci. Manhaja ta yi yawa, iyaye kuma sakamakon jarrabawa suke tambaya." Ban ga laifinta ba, domin gaskiya ta faɗa. Amma na koma gida raina ba daɗi, saboda na san abin da 'yan mintoci a kan dandali suka yi mini a rayuwa, kuma ina ganin ana hana 'ya'yanmu wannan rabo ba tare da an lura ba.

Na taso da in'ina mai tsanani, irin wadda idan na so in ce "Malam" sai kalmar ta maƙale a leɓɓana, jijiyoyin wuyana su tashi, har wanda nake yi wa magana ya gaji ya ƙarasa mini. Yara ba sa rangwame a kan irin wannan, saboda haka na koyi yin shiru tun ina ƙarami. A aji nakan san amsa amma ba na ɗaga hannu, idan aka aike ni kasuwa nakan nuna abin da nake so da yatsa, a gida kuma an riga an ɗauke ni yaro marar magana. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, maɗinkin manyan riguna ne a wani gari na ƙasar Zazzau, yana da zaure inda shi da abokan sana'arsa huɗu suke zama daga hantsi zuwa la'asar, kuma ko a zauren nan aikina bai wuce zura zare a allura da ɗebo ruwan sha ba.

A 1969 ina aji biyar, muna da wani malami matashi wanda shekararsa guda ke nan a garinmu. A lokacin ana tsakiyar yaƙi da cutar agana, 'yan lamba suna bin gari gari da ƙauye ƙauye, mutane da yawa kuma suna ɓoye 'ya'yansu a rumbu ko a bayan gari da zarar sun ji ƙarar motarsu. Malamin nan ya tsara ɗan gajeren wasa a kan wani magidanci da ya ɓoye ɗansa ranar lamba, ya ce za mu nuna shi ranar da iyaye za su zo makaranta. Da ya zo rabon matsayi sai ya kira sunana ya ce ni zan fito a matsayin mai shelar sarki. Ajin ya ɗauki dariya, ni kuwa na sunkuyar da kai ina jin da ma ƙasa ta tsage in shige. Bayan an tashi ya tsayar da ni, ya ce, "Na bi ta ƙofar makarantar allonku da daddare, na ji ka kana karatu, ban ji ka tsaya ko sau ɗaya ba. Da azumi kuma na gan ka cikin 'yan tashe kana amshi. Duk abin da yake da kari, harshenka ba ya sarƙewa a kansa, shela kuwa da kari ake yin ta." Tun da nake, babu wanda ya taɓa sauraron maganata da irin wannan kulawa, har ya gano inda take tafiya daidai.

Mun yi mako uku muna bita a ƙarƙashin wata ceɗiya da ke bayan ajinmu. Ya koya mini in buga ganga sau uku, in ja numfashi a bugu na uku, sannan in saki murya ina jan ƙarshen kowace kalma kamar yadda masu shela na gaskiya suke yi. Ranar wasa aka haɗa bencina aka ɗaure ƙafafunsu da igiya suka zama dandali, aka rataya zannuwan gado biyu a matsayin labule, aka liƙa wa wanda ya fito a magidanci gemun auduga da ƙaro. Ni kuma aka naɗa mini wani tsohon rawani da ya yi mini yawa, aka rataya mini ƙaramar ganga da aka aro daga gidan makaɗa. Dagaci yana zaune a kujera a gaba, iyaye maza a kan tabarmi, mata a gefe ɗaya sun lulluɓe. Da na leƙa ta tsakanin zannuwa sai na hango mahaifina can baya, ya zo da hannun wata riga da yake yi wa aiki, yana ɗinki yana jira, domin shi ba ya yarda hannunsa ya zauna banza. Da lokacina ya yi aka tura ni waje. Na buga ganga sau uku, na ja numfashi, sai na ji wata murya tana cewa, "Jama'a, a saurara! Sarki ya gaishe ku, bayan gaisuwa ya ce gobe da safe kowane magidanci ya fito da iyalinsa ƙofar fada!" Muryar ta kai ƙarshen fili ta dawo, kuma tawa ce. Na ga mahaifina ya soke allura a jikin riga ya ɗago kai.

Ba zan ce in'ina ta rabu da ni a ranar ba, domin har yau idan na gaji ko raina ya ɓaci takan leƙo. Abin da ya rabu da ni shi ne tsoro. Na gane cewa wanda ya sa rawanin wani ya ari muryar wani, yakan sami ƙarfin faɗar abin da ba zai iya faɗa da sunansa ba, kuma idan ya tuɓe rawanin wani abu daga ƙarfin nan yakan zauna a jikinsa. An kawar da agana daga duniya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da haka a 1980, wasan namu kuwa babu wanda ya rubuta shi a wani littafi, amma ni a kansa na gina shekara 35 na tsayuwa a gaban allo ina magana da yara.

Daren ranar mahaifina bai ce mini komai ba. Washegari da na dawo daga makaranta sai ya miƙo mini jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da wani abokin cinikinsa ya bari a zaure, ya ce, "Zauna nan ka karanta mana." Shi da abokansa suna karanta Larabci da ajami, amma boko ba su iya ba. Daga ranar na zama mai karatun zaure. Da jarida ta ƙare sai in aro littafi daga akwatin littattafan makaranta, wanda hedimasta yake buɗewa kowace Juma'a, kuma a haka muka bi Magana Jari Ce littafi na ɗaya zuwa na uku, allura tana shiga tana fita, ni kuma ina karatu. Waɗannan dattawa su ne malaman adabina na farko. Sukan tsayar da ni su ce in sake wani wuri domin ya yi musu daɗi, sukan yi gardama a kan ko wane ne mai gaskiya a cikin labari har ɗinki ya tsaya, kuma idan na karanta maganar sarki da muryar bafade sai su gyara mini, su ce sarki ba ya gaggawa. A nan na fahimci cewa Hausar da ake yi a zaurenmu tana da darajar da za a buga ta a littafi, kuma labari mai kyau yana iya riƙe manya biyar da yaro ɗaya a wuri guda har a kira sallar la'asar ba su sani ba.

Sai da na shiga kwalejin horon malamai na san tarihin marubucin. Alhaji Abubakar Imam malamin aji ne a makarantar Midil ta Katsina, yana da shekara 22, lokacin da ya shiga gasar rubuta ƙagaggun labarai ta 1933 wadda Rupert East ya shirya daga Zariya, kuma shi ne aka ba aikin editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a watan Janairun 1939. Wannan labari ya ƙarfafa mini guiwa matuƙa, domin ya nuna mini cewa malamin aji, mai alli a hannu kamar yadda nake shirin zama, yana iya barin abin da za a karanta bayan ransa. Ban zama marubucin littafi ba, amma na cika littattafan rubutu guda tara da gajerun wasanni da na tsara wa ɗalibaina, kuma suna nan a akwatina.

Akwai wani darasi da na ɗauka a zauren nan wanda sai da na girma na san sunansa. Aikin babbar riga zane ne kafin ya zama ɗinki. Mai zane zai fitar da fasalin aska biyu ko aska takwas da tambari a jikin ƙyalle da tawada, sannan maɗinki ya bi da allura, kuma riga guda takan ci watanni. Wata rana na ga mahaifina yana warware aikin da ya yi kwana biyu a kansa, zare bayan zare, saboda bakin wata aska ya ɗan karkace. Ɗaya daga cikin abokansa ya ce masa, "Malam, ai mai riga ba zai gani ba." Sai ya amsa ba tare da ya ɗago ba, ya ce, "Ni na gani." Duk lokacin da gajiya ta so ta sa in wuce littafin ɗalibi ban duba shi da kyau ba, wannan amsa takan faɗo mini. Ina ganin babban abin da mutum yake samu daga kallon aikin gwani ke nan, ko ɗinki ne ko gini ko waƙa: yakan san yadda aikin da aka yi da gaske yake, daga nan kuma zuciyarsa ba za ta ƙara natsuwa da aikin ganin ido ba.

Kiɗa kuwa ta akwatin rediyo ya shigo mana zaure. Mun saurari makaɗan fada da na noma da na dambe, amma wanda ya fi zama mini a rai shi ne marigayi Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015. Maraya ne tun yana ƙarami, abin kiɗansa kuma kuntigi ne mai tsirkiya ɗaya, wanda akan yi da ɗan gwangwani a rufe shi da fata. Ba shi da 'yan amshi, ba shi da tarin makaɗa a bayansa, kuma da yawa daga waƙoƙinsa a kan talakawa suke, irin su yaran mota da ma'aurata da masu ƙananan sana'o'i. Da ɗan wannan abu ya zaga ƙasashen duniya. A shekarun da na koyar a ƙauyukan da babu benci balle kayan aiki, idan na ji zuciyata tana neman kafa hujja da rashi, nakan tuna da tsirkiyar nan guda ɗaya. Haka kuma ranar Juma'a makafi sukan tsaya a ƙofar zaurenmu suna rera baitocin Imfiraji, kuma sai daga baya na san cewa wanda ya tsara su, Malam Aliyu Namangi na Zariya, shi ma makaho ne, kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta karrama shi da digirin girmamawa. Yaro mai in'ina da ya ji wannan labari ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani.

Lokacin da nake kwaleji, wani malaminmu ya kai mu birnin Zariya domin mu ga tsohon Masallacin Juma'a, wanda Babban Gwani Mika'ilu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, a wajajen shekarun 1830. Na shiga na ɗaga kai, na ga yadda bakunan gizo na gini suka taso daga ginshiƙai suka haɗu a sama suka ɗauki rufi, ga zane a jikin ginshiƙan, kuma dukkan wannan da ƙasa da azara aka yi shi, irin ƙasar da muke takawa kullum. Na daɗe a tsaye har abokaina suka fita suka bar ni. A littattafan da muke karantawa a lokacin, duk ginin da ake yabo yana Ingila ko Masar ko Indiya, sai ga shi a ranar na ga cewa magini Bahaushe, da tubali da igiya da ƙwaƙwalwarsa, ya yi abin da masana gini na ƙasashen waje suke zuwa su auna su rubuta littattafai a kansa. Da na ji labarin ruftawar wani sashe na masallacin a watan Agustan 2023, wanda ya yi sanadin rasuwar masallata, na yi baƙin ciki iri biyu, na rayukan da aka rasa, Allah ya gafarta musu, da kuma na tunanin yawan yaran Zazzau da suka girma ba a taɓa kai su sun ɗaga kai a cikinsa ba. A Samaru kuma na kalli wasanni a dandalin wasan kwaikwayo na jami'a, wanda aka gina da ƙasa a tsakiyar shekarun 1970 bisa fasalin gidan Bahaushe, inda 'yan kallo suke kewaye 'yan wasa kamar yadda ake kewaye 'yan dambe. Daga nan na koyi cewa wasa ba ya buƙatar babban zaure mai kujeru, fili da da'irar mutane sun isa.

Abin da na samu shi na yi ƙoƙarin mayarwa. A kowace makarantar da aka tura ni, nakan roƙi hedimasta ya bar mini darasin ƙarshe na ranar Alhamis. Wani mako mu yi karatun labari a bayyane, wani mako mu yi zane, wani mako kuma mu yi bitar wasa. Mun yi wasa a kan kurkunu da tace ruwan sha, mun yi a kan talla, mun yi a kan rikicin gona tsakanin 'yan'uwa. Na ga yaran da aka yanke wa ƙauna a lissafi da Turanci sun farfaɗo a wannan darasi, kuma sau da yawa farfaɗowar takan bi su zuwa sauran darussa, domin yaron da aka tafa wa sau ɗaya yakan fara zuwa makaranta da wuri. A shekarun ƙarshe na aikina akwai wata yarinya a aji huɗu wadda ba ta magana, amma kullum tana zane da tsinke a ƙasa. Na ciro takardar naira ashirin na juya bayanta, na nuna mata hoton Ladi Kwali tana ginin tukunya, na gaya mata cewa wannan mata 'yar ƙauyen Kwali ce, a wajen danginta mata ta koyi ginin tukwane, kuma aikin hannunta ne ya kai ta Turai da Amurka ya kuma sa hotonta a kuɗin ƙasa. Yarinyar ta karɓi takardar da hannu biyu ta daɗe tana dubawa, sannan ta tambaye ni, "Malam, da gaske da laka ta yi?" Wannan ce tambaya ta farko da ta taɓa yi mini a aji. Mako na gaba ta zo da 'yar ƙaramar tukunya da ta gina, ta zana mata ƙadangare a wuya.

Na san akwai iyaye da malamai masu ganin cewa wasa da kiɗa shagala ne, kuma ba na raina damuwarsu, domin ni ma uba ne, na kuma ga abubuwan da ake nunawa a wasu finafinai da wayoyin hannu waɗanda ba zan so jikokina su gani ba. Sai dai rufe dandalin makaranta bai hana yaro kallo ba, abin da ya hana shi kawai shi ne kallo a gaban malami da iyaye, inda za a zaɓa masa abin da ya dace a kuma tattauna da shi a kansa. Magabatanmu ba su raina wannan hanya ba. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta tsara waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma naɗa mata malamai da ake kira jaji, waɗanda suke haddace waƙoƙin su kai wa matan ƙauyuka ta hanyar ƙungiyar 'yan taru, domin ta san abin da aka rera ya fi zama a zuciya. Almajirin da ya sauke Alƙur'ani da allo mai zayyana ake karrama shi, wanda gwanin zane ya ƙawata da tawada baƙa da ja. Tashe kuma, wanda yara suke fara shi bayan an sha ruwa goma na azumi, wasan kwaikwayo ne tsantsa, mai shiga da kari da hannunka-mai-sanda ga rowa da lalaci da ƙin aure. Saboda haka wanda ya ce a bar yara su yi wasa mai ma'ana a makaranta bai kawo baƙon abu ba.

Wasu kuma za su ce ai yaran yau sun fi mu ganin wasa da jin kiɗa, tun da kowane gida da waya. Haka ne, amma kallo daban, yi daban. Yaron da ya kalli fim ɗari a waya yana nan yadda yake, a zaune shi kaɗai. Wanda ya haddace layi goma, ya jira lokacinsa a bayan labule gabansa yana faɗuwa, ya fito ya faɗa a gaban mahaifinsa, ya koyi haddar magana da haƙurin jiran abokin aiki da tsayuwa a gaban jama'a, kuma babu ɗaya daga cikin waɗannan da ake tambaya a takardar jarrabawa. Basira ba ta ƙare a ƙasar nan ba. Gasar Hikayata da sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 ta nuna yawan mata masu alƙalami da ke cikin gidajenmu, matasa kuma suna ta rubuta labarai suna sakawa a intanet. Damuwata ita ce yaron ƙauye da ɗan talakan birni, wanda idan makarantar gwamnati ba ta buɗe masa wannan ƙofa ba, babu mai buɗe masa.

Roƙona ga shugabannin makarantun firamare shi ne su ware darasi ɗaya a mako, ko da na minti 35 ne, domin karatu a bayyane da zane da wasa, su kuma tabbatar cewa ba a yi bikin ƙarshen shekara ba tare da yara sun hau dandali ba. Wannan ba ya buƙatar kasafin kuɗi, bencina da zannuwa da auduga suna nan kamar yadda suke a 1969. Hukumomin ilimin firamare na jihohi kuwa, idan za su sayi littattafai, su tuna da littattafan labarai da wasanni da waƙoƙi na Hausa, su kuma dawo da akwatin littattafai a kowace makaranta tare da malamin da zai riƙe mabuɗinsa ya buɗe shi a kan lokaci, domin na sha ganin littattafai a kulle a ofis gara tana ci saboda tsoron kada yara su yaga. Littafin da yaro ya karanta har ya yage ya biya kuɗinsa. Makarantun da ke kusa da wuraren tarihi, irin su Gidan Makama da marinar Ƙofar Mata a Kano, ko Gobarau a Katsina, su riƙa kai yara suna gani da idonsu, tun da gani ya kori ji. A kowane gari kuma akwai tsofaffin magina da maɗinka da masaƙa da masu sassaƙa da za su yi farin ciki idan aka gayyace su aji su nuna wa yara hannunsu, kuma da yawansu suna gab da tafiya da abin da suka sani.

Kai ma, Malam Edita, ina da roƙo a gare ka. Ka ware wa yara ɗan gurbi a jaridarka, ko da sau ɗaya a wata, inda za a buga gajeren labari ko waƙa ko zanen da ɗalibin firamare ya aiko, tare da sunan garinsa. Na san yadda jarida take zagaya zaure daga hannu zuwa hannu, na kuma san abin da zai faru a zuciyar yaron da aka kira ya karanta wa manya abin da shi da kansa ya rubuta.

A nawa ɓangaren, na koma makarantar jikata bayan bikin nan na gana da shugabar makarantar, ta kuwa karɓe ni hannu bibbiyu. Mun yi da ita cewa daga zango mai zuwa zan riƙa zuwa kowace Alhamis bayan tashi, in zauna da duk yaron da iyayensa suka amince na tsawon rabin sa'a. Na buɗe akwatina na ciro littattafan nan tara, na zaɓi wasan tace ruwa domin mu fara da shi, kuma yara goma sha huɗu sun riga sun ba da sunayensu. Malamar da ta ce mini babu lokaci ita ce ta fara cewa za ta kawo zannuwan labule. Na roƙe ta ta duba mini cikin ajinta ko akwai yaron da ba ya ɗaga hannu, domin akwai mai shela a wasan, kuma ban ba kowa matsayin ba tukuna.

Wassalam.

Naka mai karatu a kullum,
Wani tsohon malamin firamare,
Zariya, Jihar Kaduna.